Babi na Shida: Tuɓe wa Tsohuwar Mota Fenti da Ƙyalli

A farkon shekarun 1960, yaron da ya tara dala biyu a Amurka yana iya shiga kanti ya fito da mota a hammata. Mota ce ta roba, gunduwa-gunduwa a cikin kwali, an rage girmanta sau 25, ta yadda wadda tsawonta ya kai mita 5 a kan titi ba za ta wuce santimita 20 a hannu ba. Kamfanin AMT na jihar Mishigan ne ya buɗe kasuwar sosai a 1958, da ya fito da kwalayen da ake iya haɗa motar cikinsu ta fuska uku: yadda ta fito daga masana'anta, ko a yi mata kwalliya, ko a mayar da ita ta tsere. Revell da Monogram da Jo-Han, daga baya kuma MPC, kowa ya shigo da nasa. Yaro zai koma gida da kwalinsa, da bututun gam, da 'yar kwalbar fentin Testors, da burushin da bai san wanki ba, kafin dare ya gama aiki. Fenti ya yi kauri har ya cike layin ƙofa, gam ya malalo ta kowace mahaɗa, hoton yatsa ya zauna daram a gilashin gaba.

Yaran nan yau sun haura shekara 70, motocinsu kuwa suna ta fitowa daga ɗakunan ajiya zuwa kasuwannin masu sha'awa da shafin eBay. Irin waɗanda gam ya yi wa katutu, bam ɗin gam ake ce musu. Kuma ana rububinsu, da dalili. A wancan zamani, idan Ford ko Chevrolet suka sauya wa mota fuska a sabuwar shekara, kamfanin roba ba ya sassaƙa sabon mazubin ƙarfe daga farko, sai ya gyara na bara ya dace da ta bana. Da zarar an taɓa mazubi, motar bara ta tafi ke nan, ba a sake zuba ta. Saboda haka akwai motoci da yawa da ba ka da hanyar samunsu sai ta hannun wani yaro da ya shafe su da jan fenti shekara 60 da suka wuce. Motar tana nan lafiya a ƙarƙashin fentin. Aikin shi ne a fito da ita ba tare da an ji mata ciwo ba.

Kankarewa da wuƙa ba ta taso ba, sanfefa ma haka, domin rubutun sunan mota da ke jikin bodi da siraran layukan ado tudunsu bai kai kaurin farce ba, goga biyu sun tafi. Jiƙo ake yi. A sami ruwan da zai ci abin da ke sama ya bar abin da ke ƙasa. Abin daɗin shi ne yawancin ruwayen da ke wannan aiki ba a kantin masu sha'awa ake sayar da su ba, suna nan a madafa da banɗaki da gareji. Sai dai wanda bai san abin da yake jiƙawa ba, da abin da yake jiƙa shi a ciki, zai wayi gari ya tarar da motarsa ta zama kunu. Don haka sai mu fara da robar kanta.

Sunanta folistirin. A Jamus aka fara sarrafa ta don kasuwa a farkon shekarun 1930, ita ce kuma ake sa wa lamba 6 a cikin alamar kibau uku da ke gindin kayan roba. Farin soson da ake tokare talabijin da shi a cikin kwali, da farin mazubin abinci na tafi-da-gidanka, duk ita ce, iska kawai aka hura mata. Duk wanda ya taɓa ganin fetur ya ɗiga a kan irin wannan soso ya san yadda yake narkewa nan take ya bar danƙo. Abin da fetur ke yi wa soson, shi zai yi wa bodin motarka, sai dai a hankali. Tinar masu fentin mota haka, ruwan goge jan farce mai asiton haka. Gam ɗin da ake haɗa motar da shi ma ta wannan hanya yake aiki: yana narka fuskokin biyu ne su cakuɗe, idan ya bushe sun zama abu guda. To amma robar nan da ba ta jure wa fetur, za ta kwana bakwai a ruwan soda ko bilic ba abin da ya same ta. Sifirit ma ba ya narka ta. A kan wannan hali nata aka gina duk abin da ke cikin babin nan.

Sai ƙyalli. A kusan kowane kwalin mota, cikin rassan robar da sassan motar ke maƙale a jikinsu, akwai reshe guda da ya fita daban, yana walƙiya, ɗauke da bamba da ragar gaba da wili da madubi da wasu sassan inji. Kurom ake ce masa, amma babu ƙwayar kurom a jikinsa. Bambar motar gaske ana tsoma ta ne a ruwan sinadari a sa wutar lantarki, a hau mata tagulla da nikel, sannan kurom a sama. Ta roba kuwa alminiyam ce. Ana fara fesa wa reshen wani banish garai-garai mai sheƙi, don ya cike ƙananan ramuka fuskar ta yi sumul. Sai a jera rassan a cikin wata babbar tukunya, a zuƙe iskar ciki kaf, a gasa guntayen alminiyam a kan waya mai zafi har su zama tururi. Tururin ya bazu ya sauka a kan duk abin da ya tarar, ya daskare. Kaurin abin da ya hau bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Wasu kamfanonin kan ƙara wani banish a sama don kariya, wasu ba sa ƙarawa.

Wanda ya fara wannan sha'awa jiya zai yi mamakin a ce a cire ƙyallin, tunda shi ne ya fi komai ɗaukar ido a cikin kwalin. Amma ka ciro bamba daga reshenta ka duba. Inda ka yanke ta akwai tabo na roba tsirara, fari ko baƙi, a tsakiyar walƙiya. A gefenta akwai siririn tudu da ya bi ta daga wannan kai zuwa wancan, wurin da ɓangarori biyu na mazubi suka haɗu, kuma an hau ƙyallin a kansa. Ba ka isa ka goge tudun ba tare da ka ɓata ƙyallin ba. Banish ɗin ƙasa kuma sau da yawa ya yi yawa, ya taru a ramukan ragar gaba ya toshe su, kan ƙusoshin da aka zana a jikin wili sun zama 'yan dunƙule. Gam ba ya kama ƙyalli, dole sai an kankare wurin mahaɗa. Abin da ya fi damuna ni kuwa shi ne ƙarya da ƙyallin ke yi. Kafireta da altaneta da murfin giya a motar gaske ba sa walƙiya, zubin ƙarfe ne mai duhu-duhu, amma kamfani ya jera su a reshe ɗaya da bamba don sauƙin aiki. Injin da aka haɗa da su a haka, kowane bakanike zai gane ba inji ba ne.

Cire alminiyam ɗin shi ne mafi sauƙi a duk aikin, domin ƙarfe ne da ruwa mai tsami ke ci, mai kaifin soda ma ke ci. Bilic na wanki ya isa, irin su Hypo da Jik, ko javel da ake sayarwa a Nijar. Ka sami ƙaramar roba mai murfi, ka sa ragar gaba a ciki, ka zuba bilic har ya sha kanta, kada ka sirka. Ka tsaya ka kalla, don abin kallo ne. Da farko ba abin da ke faruwa. Can sai ka ga walƙiyar ta fara dusashewa daga kaifin gefuna da wurin da aka yanke, inda ruwan ya sami ƙofa. Sai ta fara ja da baya zuwa tsakiya, launin robar yana bayyana a bayanta, har ya rage 'yan ɗigo-ɗigo masu haske a cikin ramuka, su ma su ɓace. Ba ɓawo, ba gari a gindin roba, ƙarfen ya narke ya bi ruwa. Wani reshen minti kaɗan ya ishe shi. Wanda aka yi wa banish a sama yakan ɗauki sa'o'i, wani ma ya ƙi sam. Ƙananan sassa suna son tasowa saman ruwa, kumfar iska kuma takan maƙale a lungu ta hana ruwa shiga, don haka a riƙa juya su da tsinke.

Nan ne mutane da yawa ke tsayawa, suna zaton sun gama. Ka ɗaga ragar ka duba ta a haske: tana sheƙi, wani lokaci da ɗan rawaya-rawaya. Banish ɗin ƙasa ke nan, bilic bai taɓa shi ba. Idan abin da kake so kawai ka shafa wa kafireta launin alminiyam ne, kuma banish ɗin bai yi kauri ba, kana iya barinsa. Idan kuwa ramukan da ya toshe kake nema, to saura rabin aiki, kuma rabin nan hanyarsa ɗaya da ta cire fenti.

Fentin da yaran 1960 suka shafa, inamel ne, wato fentin mai, dangin wanda ake shafa wa ƙofar ƙarfe. Na Testors a Amurka da na Humbrol a Ingila, mai 'yan gwangwanaye na mililita 14, duk shi ne. Irin wannan fenti ba bushewa kawai yake yi ba. Man da ke cikinsa yana shan iska ya ƙulle ya zama fata guda, shi ya sa idan ya shekara ko tinar da aka dama shi da ita ba ta mayar da shi ruwa. Amma asalinsa mai ne, kuma duk macen da ke dafa sabulu ta san abin da soda ke yi wa mai. Hakan take yi wa inamel: tana tsinka ƙullin, ta mayar da man sabulu, fentin ya rasa abin da ke riƙe da shi.

Masu wannan sha'awa a Amurka sun fi dogara da abu biyu, kuma soda ce ƙashin bayan kowannensu. Na farko ruwan wanke maiƙon inji ne mai launin shunayya, Super Clean, wanda a da ake sayarwa da sunan Castrol, da ɗan'uwansa Purple Power. Sukan cika roba mai murfi da shi su ajiye shekara da shekaru, suna kiranta tafkin shunayya. Na biyu kumfar wanke tanda ce, Easy-Off, mai rawayan gwangwani. Launin gwangwanin yana da muhimmanci, don mai shuɗin gwangwani, wanda aka yi don kada ya shaƙe mutum, babu soda a cikinsa, ƙarfinsa bai kai ba. Ita kumfar, a waje ake fesa ta, a lulluɓe bodin da ita, a jefa shi cikin leda a ƙulle baki don kada ta bushe, a bar shi sa'o'i ko ya kwana.

Bodin da ya kwana a tafkin shunayya, idan ka ɗago shi da safe, za ka ga fentin ya yamutse ya saki jiki kamar fatar tumatirin da aka zuba wa tafasasshen ruwa. A rufin mota da bonet, inda fili yake, yana saluɓewa da kansa. Ka kai shi ƙarƙashin famfo da tsohon burushin goge baki, ka bi shi a hankali, kana tallafe da rufin daga ciki da yatsu, domin siraran ginshiƙan da ke riƙe da gilashin gaba su ne suka fi saurin karyewa, kuma tsohuwar roba ba ta da haƙuri. Sai ka ga abubuwa suna fitowa waɗanda ba ka san suna nan ba: maƙullin ƙofa, murfin tankin mai, harufan sunan motar ɗaya bayan ɗaya a kan but. Abin da ya maƙale a layin ƙofa, tsinken sakace ne maganinsa, ba allura ba. Inda fentin ya ƙi, kada a yi masa dole, a mayar da shi cikin ruwa ya ƙara kwana. Motar da aka yi wa fenti hawa uku, hawa-hawa za ta sake shi. Sanyi yana kashe wa ruwan nan ƙarfi, shi ya sa masu aikin a ƙasashen ƙanƙara ke kukan ba ya ci a lokacin hunturu. Mai aiki a ƙasa mai zafi ya huta da wannan, sai dai ya kiyayi rana: roba mai murfi da aka bari a tsakar gida da azahar tana iya yin zafin da zai lanƙwasa bodi, kuma abin da ya lanƙwashe da wuya ya koma daidai. Inuwa ake nema. Ruwan ɗauraya ma mai ɗumi-ɗumi, ba mai zafi ba.

Inda ba a samun waɗannan, sodar yin sabulu da ake aunawa a kasuwa ita ce dai sinadarin, kuma kaɗan ake buƙata a ruwa mai yawa. Amma a nan ina so mai karatu ya ba ni hankalinsa. Soda ake zubawa a cikin ruwa, kaɗan-kaɗan, ba a zuba ruwa a kan soda, don tana ɗaukar zafi tana tartsatsi. Ruwan ya zama mai sanyi, kuma a jira ya huce sarai kafin a sa mota. Mazubin ya zama roba mai kauri, mai lamba 2 ko 5 a gindi, kada ya zama na alminiyam ko kusa, domin yadda take cin ƙyallin bamba haka za ta ci tukunya, tana fitar da iskar haidurojin mai kama wuta. Safar hannu ta roba da tabarau mai rufe gefen ido wajibi ne, ko da ruwan shunayya ko kumfar tanda kake aiki. Santsin da mutum ke ji a yatsu idan ruwan ya taɓa shi, maiƙon fatarsa ne ke zama sabulu, kuma zafin ba ya zuwa sai ɓarna ta yi nisa. Idan ya fantsama a ido, a sa idon a ƙarƙashin ruwa mai gudu aƙalla minti 15, sannan a tafi asibiti. Abu na ƙarshe, wanda ya fi duk sauran nauyi a wurina: ruwan soda ba shi da launi, ba shi da wari. Likitocin yara a Afirka ta Yamma sun daɗe suna karɓar ƙananan yaran da suka kurɓe shi a gidajen da ake yin sabulu, suna zaton ruwan sha ne, maƙogwaro ya ƙone ya tsuke, wasu har abada ba sa komawa cin abinci yadda aka saba. Kada a taɓa zuba shi a gorar ruwa ko kwalbar lemo. A rubuta a jikin mazubin, a rufe, a ɗora inda hannun yaro ba ya kaiwa. Babu motar da ta kai wannan.

Ba kowane fenti ne soda ke ci ba. Lakka, wato fentin da ke bushewa ta hanyar tashin tinarsa kawai, irin na gwangwanin feshi na Tamiya, kamfanin nan na birnin Shizuoka a Japan, babu man da za a mayar sabulu a cikinta. Tana iya yin mako a tafkin shunayya ta fito tana sheƙi. Maganinta sifirit ne mai ƙarfi, aisofurofil mai kashi 91 ko 99 cikin ɗari. Mai kashi 70 da aka fi samu a kemis ruwa ya yi masa yawa, yana jan lokaci. Sifirit yana kama wuta kuma yana tashi, don haka a rufe shi, a nisanta shi da murhu. Fentin ruwa na akirilik shi ne mai sauƙin kai, sifirit na cire shi, ruwan goge gilashi mai amoniya ma na cire shi, musamman idan bai daɗe ba. Banish ɗin ƙarƙashin ƙyalli kuwa ya danganta da kamfani da zamani: wani soda ke ɗaga shi, wani sai sifirit, wani sai an bi da ɗaya bayan ɗaya.

A Ingila, masu fentin 'yan mutum-mutumin wasan Warhammer sun daɗe da gano Dettol, ruwan ƙasa-ƙasan nan na asali da ke kusan kowane gida. Akwai man itacen fayin da sifirit a cikinsa, su ke laushin fentin. Sharaɗinsa ɗaya ne: kada ruwa ya taɓa shi sai fenti ya gama fita. A goge kayan da burushi a cikin Dettol ɗin kansa, sannan a shafe su da sabulun wanke-wanke na ruwa, sai a ɗauraye. Wanda ya kai su famfo kai tsaye, fentin zai dunƙule ya zama danƙo baƙi ya manne wa burushi da yatsu da motar gaba ɗaya. Warin kuma yakan zauna a jikin roba kwana da kwanaki.

Man birki shi ne tsohon magani, tun kafin a san ruwan shunayya. Kowane bakanike ya san idan ya zuba a jikin mota yana ɗaga fenti. DOT 3 da DOT 4 ne ke yi, DOT 5 na silikon ne, ba ya komai. Yana cin fentin da ya gagari soda, ban musa ba, amma ni ba na kai mota gare shi sai komai ya ƙare, domin yana shiga jikin wasu robobin ya busar da su, bodin ya fito lafiya a ido, ka zo manna gilashi ya tsage a hannunka. Guba ne kuma, ba a zubar da shi a kwata inda kaji da awaki ke sha.

Ko da wasa kada a haɗa waɗannan ruwaye da nufin ƙara musu ƙarfi. Bilic da amoniya suna ba da iska mai ƙona huhu. Bilic da ruwan wanke masai mai asid suna ba da iskar kulorin. Bilic da sifirit ma ba sa shiri. Idan za a tashi daga wannan ruwa zuwa wancan, a ɗauraye kayan sosai a tsakani.

Kafin jiƙo akwai warware mota, kuma a nan injin daskarewa yana taimako. A jiƙa ta da ruwa, a sa a leda, a bar ta ta daskare; ruwan da ya shiga mahaɗa yana kumbura idan ya zama ƙanƙara, tsohon gam ya saki. Inda gam ya narka roba biyu suka zama ɗaya, wannan ba ya saki, sai zarto siriri. A ware tayoyi da sandunan ƙarfe na ƙafafu, a kuma ware duk wani abu na alminiyam ko zubin ƙarfe, waɗannan soda za ta ci su. Gilashi a yi masa nasa jiƙon daban a ruwan soda ko na shunayya, kada ya ga man birki, don robar gilashi ta fi ta bodi gautsi. Duk cikon da aka yi da foti zai zube, duk lambobi da zanen da aka manna za su tafi. Ƙananan sassa a zuba su a rariyar shayi ta roba a tsoma da ita, in ba haka ba madubin da bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba zai bi ruwan famfo. Kuma kowane ruwa, a fara gwada shi a guntun reshe ko a cikin bodi inda ido ba ya gani, a kuma fara da mai sauƙi kafin mai ƙarfi.

Akwai motocin da ba na so a jiƙa. Tun kafin kwalayen haɗawa, AMT da Jo-Han suna yi wa dillalan motoci ƙananan samfura haɗaɗɗu don talla, kuma na shekarun 1950 da wata roba daban aka yi su, asitet, wadda ke karkacewa da tsufa. Duk abin da na faɗa game da juriyar folistirin bai shafe ta ba, soda da sifirit suna iya lalata ta. Waɗannan ruwan sabulu da tsumma mai laushi ya ishe su. Haka kuma wata tsohuwar motar za ka ga wanda ya haɗa ta ya zuba zuciyarsa: ya ja zaren ɗinki ya yi wayoyin fulogi, ya manna ƙyalle a kujeru, ya zana harshen wuta da hannu a gefen bodi. Fentin bai yi sumul ba, amma shaida ce ta yadda ake wannan aiki a zamaninsa, kuma irinta ba ta ƙaruwa. Tafkin shunayya dare ɗaya zai shafe ta. Irin wannan, a ganina, a wanke mata ƙura, a mayar da abin da ya ɓalle, a bar ta. Masu kaurin fenti da malalar gam suna da yawa, su ishe mu.

Bodin da ya fito daga jiƙo ba kullum yake fitowa fari tas ba. Jan fenti da shuɗi sukan bar inuwarsu a jikin roba, wannan ba komai, fentin shimfiɗa zai rufe. Wanda ya fi wuya shi ne inda wani ya taɓa fesa fentin motar gaske kai tsaye a kan roba: tinar ta riga ta ci fuskar, za ka tarar da ita da ƙananan tsage-tsage da kaushi. Ba laifin jiƙon ba ne, ciwon yana nan tun ranar da aka fesa, sai sanfefa mai laushi da fentin shimfiɗa hawa-hawa. A wanke komai da sabulun wanke-wanke, a bi lunguna da burushi, don ragowar soda a layin ƙofa za ta ɓata sabon fenti. A bar shi ya bushe kwana ɗaya ko biyu. Ruwan shunayya kuwa ba a zubarwa, a tace shi a mayar, zai yi wa motoci da yawa aiki kafin ƙarfinsa ya ƙare.

Bamba da ta tuɓe, yanzu ana iya goge tudun mazubin, a cike tabon yanka, a bi ta da sanfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi har ta yi santsi. Mayar mata da ƙyalli hanya uku ne a gida. Alclad II ana fesa shi ne sama-sama a kan baƙin fenti mai sheƙi, kuma kyansa ya dogara ga kyan baƙin: duk ƙurar da ta zauna a ƙasa za ta fito a sama. Molotow, tawada ce ta Jamus da ke zuwa a alƙalami, tana kwanciya da kanta ta yi walƙiya ba tare da baƙin ƙasa ba, amma tana son kwanaki kafin ta ƙanƙame. Siraran layukan ado na jikin bodi kuwa, Bare-Metal Foil ake manna musu, takardar ƙarfe mai gam a baya, a danna da auduga a yanke gefe da sabuwar reza. Na feshi da na alƙalami duka ba sa son yatsa, suna dusashewa idan an cika taɓa su, yawancin banish ma yana kashe musu haske. Don haka bamba da ragar gaba su ne na ƙarshe da ake ɗorawa, da safar auduga a hannu, da ɗigon farin gam na ruwa wanda ba ya cin fenti.